Ƙoƙon Ƙasar da Bai Hau Dutse Ba

A Ɗanzomo aka haife ni, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba mu da dutse. Daga Gumel har Maigatari, in ka hangi abin da ya fi soro tsawo, to ko kuka ce ko hasumiyar masallaci. Rairayi ne shimfiɗe iyakar ganinka. Ko duwatsun murhun gidanmu ba duwatsu ba ne, curin laka ne da wuta ta gasa. Shi ya sa da kakarmu ta ce mana akwai mutanen da suke kwana su tashi a kan dutse, su yi noma a can, su haihu a can, muka ɗauka irin ƙaryar nan ce ta tatsuniya wadda ake yafe wa tsofaffi.

Iya muke ce mata, ita ta haifi babanmu. Matan unguwa kuwa Ta-Dutse suke kiranta, mu kuma ba mu taɓa tambayar dalili ba. 'Yar ƙaramar mace ce, baƙa, mai faɗin tafin ƙafa, kuma tafiyarta ba irin ta matan garinmu ba ce. Takan ɗan turo ƙirji gaba tana taka ƙasa da ƙarfi, sai ka ce kullum hawa take yi. Ni sunan mijinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Maigida take ce mini. In na ɓata mata rai kuma in koma Maigidan banza wanda ko cefane ba ya yi.

Idan kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, sanyi ya fara taɓa jiki, da an idar da magariba an ci tuwo sai mu yi ɗakinta, ni da yayata Talatu da 'ya'yan baffanmu. Tana da wani tsohon kasko da take hura wuta a ciki da karan gero. Ta binne gyaɗa a toka, ta miƙe ƙafafu, mu kuma mu yi ta ture-ture a kan wa zai zauna kusa da gyaɗar. Hayaƙi ya cika ɗakin, idanunmu na ruwa, amma ba mai fita. Iya ta san duk tatsuniyoyin da kowace kaka ta sani, sai dai sama-sama take yi mana su, tana yi tana hamma. Guda ɗaya ce in za ta fara sai ta gyara zama ta ɗaure kallabinta.

"Ku matso," in ji ta, "ga wata ta gangaro daga dutse."

Mu kuma mu haɗa baki: "Ta gangaro mu tare ta!"

Can yamma, in ji Iya, bayan Kano da nisa, akwai wani dutse da mutane suka hau tun zamanin yaƙe-yaƙe. Da aka daina yaƙin sai suka ƙi saukowa, don sun saba. Ruwa suna da shi a kogo, rani da damina. Awaki suna da su. Abin da ba su da shi shi ne ƙasa. Gonakinsu 'yan mitsi-mitsi ne, an jera duwatsu an tare 'yar ƙasar da ke akwai don kada ruwa ya tafi da ita, wata gonar ba ta fi tabarma biyu ba. Amma babbar damuwarsu ba ta abinci ba ce. In mutum ya rasu a kan dutse, ina za a haƙa masa kabari?

Sai suka yi dabara. Kowane gida yana da tsaguwarsa a jikin dutsen, kowane babba yana da gurbinsa a cikin tsaguwar. Duk wanda ya sauka ƙasa, ko kasuwa ya je, ko biki, ko itace, ba ya hawowa hannu rabbana. Sai ya ɗebo jar ƙasa cike da ƙoƙo, ya hau da ita, ya juye a gurbin uwarsa ko na ubansa. Ƙasar kwanciya suke ce mata. Tun iyayen suna da ransu ake tara musu, kuma ba mai jin tsoron abin. Tsohuwa takan je da sandarta ta caka ta ji zurfin, ta dawo tana yi wa ƙawayenta alfahari cewa ɗanta ya kusa cika mata. Ranar da ta rasu, a cikin wannan ƙasar za a sa ta. Bayan nan ma ba a daina kaiwa, domin kowace damina ruwa yana zaizaye wani abu. Wanda ba shi da mai ɗebo masa kuwa, sai a rufe shi da ɗan abin da ya samu, a ɗora duwatsu da ƙaya, a yi ta addu'a kada kura ta ji wari.

A nan Iya takan tone gyaɗa ta rarraba mana, mu kuma mu ƙara matsowa, don mun san yanzu yarinyar za ta shigo.

Yarinyar ita kaɗai ce a wurin uwarta, uwar kuma gurguwa ce, ba ta taɓa sauka daga dutsen ba. Tun yarinyar tana da shekara bakwai take hawa da ƙoƙonta. In ta yi tuntuɓe ƙasar ta zube, sai ta koma gindin dutsen ta sake ɗebowa tana kuka. A haka har gurbin ya kai rabi. Sai aka yi wata shekara ruwa ya ƙi zuwa, ta biyu ma haka, mutane suka cinye iri, suka koma cin ganye. Kawun yarinyar ya ce shi zai yi gabas da iyalinsa, an ce can akwai hatsi. Uwar ta ce ya tafi da 'yarta. Yarinyar ta ce ba inda za ta. Uwar ta ja jiki ta ɗauko ƙoƙon ta danƙa mata a hannu.

Iya takan sauke murya in ta zo nan, ta yi maganar uwar a hankali: "Je ki ci abinci ki dawo. In za ki dawo kuma kada ki hawo haka nan. Kin dai san saura rabi."

Daga nan tatsuniyar ba ta da hanya ɗaya. Kullum yarinyar takan cika ƙoƙonta ta kama hanyar yamma, kullum kuma da abin da zai tare ta. Yau kogi ne ya kawo ya ƙi janyewa. Gobe kura ce ta kwanta a tsakiyar hanya. Wata rana wani sarkin aljanu ne ya ce ba za ta wuce ba sai ta tsince masa gero daga cikin rairayi. Akwai ranar da ta tarar da jariri a gindin bishiya yana kuka, ta ajiye ƙoƙon ta goya shi, ta ce bari ya yi ƙafa tukuna. Yana yin ƙafa sai ga wani jaririn. Da an kai inda yarinyar ta tsaya, sai Iya ta kakkaɓe zaninta.

"Ta kwana a nan. Ku ma ku tashi, an kira isha."

Abin yana ci mana rai ƙwarai. Mun san tatsuniya tana da ƙarshe, mugu ya sha kashi, marainiya ta auri ɗan sarki, kowa ya tafi ya kwanta da daɗin rai. Wannan kuwa sai mu fito daga ɗakin zuciyarmu a cunkushe, muna tunanin gurguwar nan da ke zaune a bakin tsaguwa tana kallon hanya. Talatu takan yi kuka a ɓoye. Wata rana dai ta kasa daurewa, ta kama hannun Iya.

"Don Allah Iya, ki bar ta ta isa mana, ko sau ɗaya ne."

"Ni na hana ta?" in ji Iya.

Ni kuwa da yake bakina ya fi ni girma, na miƙe na ce wannan yarinya sakarya ce, da ni ne da tuni na kai na dawo. Yara suka kwashe da dariya. Iya ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta cikin hayaƙin har na fara jin kunya, sannan ta ce, "To, Maigida. Allah ya ba ka ƙafa." Ta tura mini gyaɗar da ta rage.

Shekaru suka tafi. Na yi karatu, na sami aikin malamin gona a Gumel, na yi aure. Da babanmu ya rasu sai na ɗauko Iya ta dawo gidana. A lokacin idanunta sun yi rauni, ƙafafun nan masu ƙarfi kuma sun daina kai ta ko'ina sai bakin ƙofa. Wata ranar Asabar da hantsi muna zaune tana ɓarar gyaɗa, ina duba waya, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Maigida, jaririn nan na gindin bishiya, babanku ne."

Ban gane ba da farko. Sai ta ci gaba, murya ba hawa ba sauka, kamar mai ba da labarin wata maƙwabciya. Kawunta ya kawo su Kano a ƙafa, suka hau jirgin ƙasa, suka sauka a Gagarawa Tasha don an ce ana neman masu aikin gona. Ranin bai ƙare ba kawun ya rasu. Matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta bi wani ayari, ita kuma wata mai sayar da fura ta riƙe ta har ta aurar da ita a Ɗanzomo. Kakanmu mutumin kirki ne, in ji ta, ya yi mata alkawari zai kai ta in an yi girbi. Aka yi girbi tana da ciki. Aka yi wani girbin tana goyo. Wata shekara fari, wata shekara ciwo, wata shekara ba jaki. Tana da 'ya'ya huɗu wani mai sayar da taba a kasuwar Maigatari, mutumin wajensu, ya gaya wa kakanmu cewa gurguwar nan ta daɗe da rasuwa.

"A rabin ƙasa aka sa ta," in ji Iya. "Ni kuma ga ni nan cikin ƙasa har wuya. Kullum da safe share ta nake yi ina zubarwa a bola."

Ashe yarinyar tatsuniyar ita ce. Duk shekarun nan muna cin gyaɗarta muna zagin yarinyar a gabanta.

Ba ta roƙe ni ba, Iya ba ta iya roƙo ba. Cewa ta yi tunda na taɓa cika baki a gaban shaidu, ga hanya nan. Ta faɗi sunan dutsen da na garin da ke gindinsa. Ta ce in ɗebi jar laka mai danƙo daga bakin tafki, kada in kuskura in ɗebi ta tsakar gida. Sannan ta shiga kwatanta mini inda gurbin yake: in na wuce kogon ruwa in bi hannun kaza, in ƙirga tsaguwa kaza, akwai wani dutse mai kama da kaza. Ina ta cewa to, to, idona a kan waya. A raina na ce in na hau ai sai in tambayi mutanen wurin, wa zai ɓata a ƙauye?

Ban tafi a wannan watan ba, ban tafi a wannan shekarar ba. Aiki, rabon taki, haihuwar matata, gyaran ɗaki. Sai da na ga Iya ta fara rama, ta daina gama tuwonta, sannan na ɗauki hutun kwana uku. Da asubar ranar tafiya mai Keke Napep ɗin da zai kai ni tasha yana ƙofar gida yana ta danna ham, sai na tuna ban je tafki ba. Na duƙa a ƙofar gida na cika leda da abin da hannuna ya samu, na cusa a jaka. Ƙasa ai ƙasa ce, in ji ni.

Mota uku na hau. Da la'asar na fara hango duwatsun. Ina da shekara arba'in ban taɓa ganin abu mai girma haka ba. Na yi ta kallonsu ta tagar mota ina tunanin yarinya 'yar shekara bakwai da ƙoƙo a ka. A tashar garin na faɗa wa 'yan acaɓa inda za ni. Suka dubi juna. Wani ya ce, "Malam, baƙo ne kai ko?" Ba wanda ya ko tayar da mashin. A ƙarshe ɗaya daga cikinsu ya nuna mini wata makarantar firamare a bayan kasuwa, ya ce in mutanen dutse nake nema, ga su can.

Suna nan kuwa, cike da azuzuwa, an rataya tabarmi a tagogi, mata suna girki a filin wasa. Aka kai ni wurin wani dattijo da ke saƙar igiya a gindin bango. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

"Ɗana," in ji shi, "damina biyu ke nan rabonmu da dutsen. 'Yan bindiga ne a kai. Wanda ya koma ɗauko ko da tukunya ce, ba mu sake ganinsa ba. Uwata tana can, matata tana can, 'ya'yana biyu suna can. Damina biyu ruwa yana dukansu ban kai musu ko tafi ɗaya ba."

Na tambaye shi ko ya san wata gurguwa mai 'ya ɗaya, wadda ta rasu bayan shekarun yunwa. Ya yi tunani, ya kira wata tsohuwa ya tambaye ta, ita ma ta girgiza kai. Ya ce waɗanda za su sani sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma sun watse, wasu Kano, wasu Nijar. Sannan ya miƙo hannu ya ce in nuna masa ƙasar. Na kwance ledar. Ya ɗebo, ya buɗe yatsunsa, ta zurare tas, ko ƙwaya ba ta maƙale a tafinsa ba.

"Daga ina ka ce kake?"

"Gumel, Baba."

"Ai na gani. Wannan ko ka kai ta, yayyafin farko zai gangaro da ita, ta riga ka isowa ƙasa. Aikin me kake yi a Gumel ɗin?"

"Malamin gona ne."

Ya koma kan igiyarsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na zagaya bayan katangar makarantar na juye rairayin a nan, na tsaya ina kallon dutsen har rana ta faɗa bayansa. Ga shi nan kusa, har ina iya ganin layukan duwatsun da aka jera na gonaki. Ba abin da zan iya yi.

Washegari da yamma na iso gida. Tun a mota nake shirya yadda zan gaya mata gaskiya, na jera maganar tsaf. Ina shiga na same ta a bakin ƙofar ɗakinta, ta yi wanka ta sa sabon zani, ta juyo da fuskarta wajen takuna. Duk abin da na jera ya watse.

"Maigida, ka hau?"

"Na hau, Iya."

"Ka ga gurbin?"

"Na gani."

"Ka zuba?"

"Na zuba."

Ta ce in matso. Na matso. Ta lalubo ƙafata ta kama sharaɓata ta matsa, ta koma ɗayar ta matsa. Ban ji zafin komai ba, ban ko motsa ba. Sai daga baya na tuna ta taɓa gaya mana cewa baƙon da ya hau dutsensu yakan kwana biyu yana tafiya da sanda. Ta sake ni, ta gyara zaninta.

"Sannu da hanya. Allah ya yi maka albarka."

Bayan magariba na ji ta tana kiran 'ya'yana. Ta yi shekaru rabonta da tatsuniya. Matata ta kai mata gawayi a kasko, yaran suka kewaye ta, ni kuma na tsaya a jikin bango daga waje inda ba za a gan ni ba. Ta ba su labarin dutsen, da ƙasar kwanciya, da gurguwa, da yunwa, da kogi, da jariri. Sannan ta ƙara abin da ban taɓa ji ba. Ta ce yarinyar ta tsufa a hanya, idonta ya mutu, sai ta aiki jikanta. Jikan ya tafi ya kwana ya dawo.

'Yata Hauwa, wadda ta gaji bakina, ta ce, "To ya zuba, Iya?"

"Haka ya ce," in ji Iya. "Ku tashi, an kira salla."

Ta yi wata bakwai bayan nan. Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta canza mini fuska ba, kullum in na dawo daga aiki sai ta tsokane ni a kan cefane. Sau da yawa nakan zauna kusa da ita da niyyar in ce, Iya, sake kwatanta mini wurin nan. Amma wanda ya ce ya gani da idonsa, da wane baki zai tambayi hanya? Na yi ta jira in sami ƙarfin hali, har ranar da muka kai ta makwancinta a Ɗanzomo, inda masu haƙa ba su yi ko gumi ba.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana koya mana kada mu zama masu nawa ne, shi ya sa na zagi yarinyar. Yanzu na san ba nawa ta yi ba. Ba ta taɓa ajiye ƙoƙon don son ranta ba, duk abin da ya tare ta abu ne da ba a tsallake shi. Mai nawa ni ne, da na sami mota da hanya da ƙafa, na tsaya rabon taki har hanyar ta rufe. Iya kuma ta san haka, ta rufa mini asiri a gaban 'ya'yana da kalma uku, ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma tona ni ba.

Har yanzu ina sauraron labarin yankin a rediyo. Wani lokaci a ce an sami sauƙi, wani lokaci a ce abin ya dawo. Na san bakin tafkin da zan ɗebi jar laka, na san motocin da zan hau. Abin da na riƙe daga kwatancen Iya shi ne kogon ruwa, daga nan ban sani ba ko dama ta ce ko hagu. Ko gobe aka buɗe hanyar na hau da ƙasa mai kyau, ban san a kan wa zan zuba ta ba.